Yadda ake zaɓen kalar fenti da kayan aiki kafin a shafe gida

Yawancin masu gida daga kala suke fara maganar fenti. A shiga shago, a buɗe katin nan mai layi-layi, a nuna wadda ta ɗauki ido, a biya, a ɗora bokitai a mota. Bayan wata shida sai bango ya fara kumbura yana ɓarewa, ko kuma kalar da aka gani ruwan madara a kati ta fito rawaya shar a falo. Daga nan a ɗora wa mai fenti laifi. Wani lokacin laifinsa ne, amma sau da yawa ɓarnar ta faru tun kafin ya ɗauki burushi, domin ba a duba bangon ba kafin a tafi kasuwa. Halin da bango yake ciki shi ke nuna irin fentin da za a saya, irin fentin da hasken ɗaki kuma su ke nuna kalar da za ta zauna.

Duba bangon tukuna

Idan sabon gini ne, a bar filasta ta yi aƙalla kwana 28 kafin fenti ya taɓa ta. Siminti sabo yana riƙe da ruwa, yana kuma da kaifi irin na kanwa wanda ke cin launi, ya bar dabbare-dabbare. Idan a damina aka yi filastar, sai an ƙara kwanaki. Ga gwaji mai sauƙi: yanki leda mai faɗin kamu biyu, ka manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. In ka ɓare ka ga raɓa a jikin ledar, ko wurin ya fi sauran bangon duhu, bai bushe ba.

Farin garin nan mai kama da gishiri da ke tsattsafowa a sabon bango, ruwa ne ke fito da shi daga cikin bulo da yashi. Kada a wanke shi da ruwa, don narkewa zai yi ya koma ciki. A goge shi da busasshen burushi mai tauri, a jira mako guda. In ya dawo, har yanzu akwai hanyar da ruwa ke bi.

Idan tsohon fenti ne a jiki, shafa tafin hannunka a kai. In ya fito da farin gari kamar alli, sabon fenti ba zai kama ba sai an kankare, an wanke, an sa firama, wato shafin share fage da ake yi kafin fenti. Sannan ka gano ko na ruwa ne ko na mai: jiƙa tsumma da sifirit ka murza wuri ɗaya, in launi ya biyo tsumman, na ruwa ne, in bai biyo ba, na mai ne. Wannan gwajin yana da amfani domin fentin ruwa ba ya kama santsin fentin mai. Wanda ya shafa shi a kai haka nan, zai ga yana saluɓewa da farce. Dole a bi shi da samfefa har sheƙin ya mutu, a sa firama, sannan a shafa.

Danshin da ke tasowa daga ƙasa, wanda ke cin gindin bango har zuwa gwiwa ko ƙugu, babu fentin da ke maganinsa, komai tsadarsa. Haka bangon da ke bayan banɗaki idan famfo na yoyo a ciki, haka inda indararo ke zuba a jikin gini. A gyara hanyar ruwan tukuna. Inda baƙin tabo ya fito saboda laima, a wanke da ruwan bilic, kashi ɗaya a cikin ruwa kashi huɗu, da safar hannu, tagogi a buɗe, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki.

Ginin ƙasa kuwa sha'aninsa daban. Yana buƙatar ya riƙa fitar da laima, fentin mai kuma rufe shi yake ruf, sai ruwa ya taru a baya ya ture fentin tare da yaɓen. Farar ƙasa ta fi dacewa da shi.

Wane iri za a sa a ina

Fentin ruwa shi ne na bango da silin. Akwai marar sheƙi, akwai mai ɗan santsi da masu shago ke kira siliki ko satin. Marar sheƙi yana ɓoye tudu da kwarin filasta, amma ba ya jure goga. Siliki ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ya fita tas, sai dai duk wani kuskuren birkila zai tona shi, musamman a bangon da hasken taga ke bi ta gefensa. Saboda haka kada a sayi siliki sai in za a yi wa bangon sikiridin, wato a bi shi da siririn shafi na foti, ƙullun nan na cike tsaga, a goge ya yi sumul. Masu aiki da yawa suna haɗa nasu da POP, farin garin nan da ake yin silin da shi, da fenti da gam. A ciki yana yi in an iya haɗin, amma a waje kada a yarda da shi, domin POP ba ya shiri da ruwa. A nemi fotin da aka rubuta na waje ne.

Fentin mai na ƙarfe ne da katako: ƙofa, get, ƙarfen taga, firam. Ana kuma sa shi a rabin bango na ƙasa a zaure da soro da kicin ɗin da ake hura itace ko gawayi, zuwa tsayin mita 1.2 ko 1.5, kamar yadda ake gani a azuzuwan makaranta. Ba ado ba ne, dabara ce: nan ne baƙi ke jingina, nan yara ke dafawa da hannun miya. Farin fentin mai yana komawa rawaya a wurin da rana ba ta shiga, a san da wannan kafin a shafe ƙofofin ciki da shi.

Ƙarfe sabo ko mai tsatsa sai an kankare shi da burushin waya, an sa jan firama na maganin tsatsa, kafin fentin mai. Get ɗin da aka tsallake wannan matakin, damina ɗaya ta ishe shi.

A waje kuma, kada a ɗauki fentin ciki a kai katanga don an ga saura. Na waje an haɗa shi ne don ya jure rana da ruwa. Mai ƙurzunu-ƙurzunun nan da kowa ke kira Texcote, wanda asali sunan samfurin kamfanin Berger ne, yana rufe ƙananan tsaga yana kuma daɗewa, amma yana shan fenti ninkin-ba-ninkin na mai sumul, kuma ramukansa ma'ajiyar ƙura ne. A gefen titin da ba kwalta, a yi tunani sau biyu.

Kala

Katin shago ƙarami ne, kuma a ƙarƙashin fitilar shago aka kalle shi. Kala idan ta bazu a bango huɗu tana ƙara ƙarfi, domin kowane bango yana jefa wa ɗan'uwansa launinsa. Shi ya sa ruwan hoda mai sanyi a kati kan koma ja-ja a ɗaki, ruwan omo ya koma shuɗi sosai. Ka'ida mai sauƙi: in ka ga wadda ta yi maka a kati, ɗauki wadda ke gaba da ita wajen haske.

Kada a sayi bokiti sai an gwada. Sayi ƙaramin gwangwani, ko ka roƙi mai shago ya ɗiba maka kaɗan, ka shafa a bangon, mita ɗaya tsayi mita ɗaya faɗi, shafi biyu, a wuri biyu: kusa da taga da kuma lungun da ya fi duhu. Bari ya bushe sarai, domin kalar jiƙaƙƙen fenti ba ita ce ta busasshe ba. Sai ka duba da hantsi, ka duba da la'asar, ka duba da dare da ƙwan da za a riƙa kunnawa a ɗakin. Ƙwan da aka rubuta wa 6500K farin haske ne mai ratsin shuɗi, yana sa ruwan toka ya yi sanyi kamar ɗakin asibiti. Mai 2700K ko 3000K haskensa ja-ja ne, yana sa ruwan madara ya ƙara rawaya. Mutane da yawa sun sake fentin ɗaki alhali ƙwai kawai ya kamata su canja.

Fara da abin da ba ya canjuwa da sauƙi: tayil, kujeru, labule, kafet. Fenti ana iya haɗa shi ya bi kujera, kujera ba ta bin fenti. A ɗakin amarya wannan yana nufin a tambayi dangin amarya kalar labule da gado kafin a shafe, ba ranar jere a zo ana kallon-kallo tsakanin koren bango da kujeru ruwan hanta ba. Ɗauki ƙyallen labulen ko gutsuren tayil ɗin ka tafi da shi shago.

Kala uku sun ishi ɗaki: babba mai haske a mafi yawan bango, ta biyu a kujeru da labule ko bango guda, ta uku kaɗan a ƙananan kaya. Idan ana son kala mai ƙarfi, ruwan goro ko shuɗi mai duhu, a ba ta bango ɗaya, galibi na bayan talabijin ko na kan gado. Ɗaki mai taga ɗaya ƙarama, ga yawan ɗauke wuta, ba ya son duhun kala ko kaɗan. Silin kuma a bar shi fari marar sheƙi, yana maido da haske yana sa ɗaki ya yi kamar ya fi tsayi. Ɗakin da ake yawan turaren wuta, hayaƙin zai dusashe fari fat cikin 'yan watanni, ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske ya fi rufa asiri.

A waje abokan hamayya uku ne: rana, ƙurar hunturu, da jar ƙasa. Fari fat yana da kyau ranar da aka gama, amma ƙura za ta kwanta a kan katanga da bakin taga, ruwan farko ya wanko ta ta bar zane-zane har ƙasa. Kala mai duhu kuma tana shan zafi ta tura shi cikin ɗaki, musamman a bangon yamma da ke karɓar ranar la'asar, kuma ita ke saurin koɗewa. Ja mai haske da rawaya shar su ma rana na cin su da wuri. Waɗanda suka fi jurewa su ne dangin ƙasa: ruwan yashi, ruwan ƙasa, ruwan makuba, jan bulo, saboda launinsu daga sinadarin tsatsar ƙarfe yake, wanda rana da siminti ba sa yi masa komai, ga shi ƙura ba ta nunawa a kansu. A gindin bango a ja ɗamara mai duhu, santimita 60 zuwa mita ɗaya, don tsalle-tsallen ruwan sama da ke watso laka.

Nawa za a saya

Auna da tef, kada a yi kirdado. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato mita 3.6 kowane gefe, tsayinsa mita 3. Zagayensa mita 14.4 ne, a ninka da 3, ya zama murabba'in mita 43.2. Cire ƙofa ɗaya, kusan 1.9, da taga biyu masu mita 1.2 kowane gefe, kusan 2.9. Saura 38.4. Shafi biyu ake yi, ya zama 76.8. Fentin ruwa mai kyau a bango mai sumul yana rufe kimanin murabba'in mita 10 da lita ɗaya, ke nan ana buƙatar lita 7.7. Ƙara kashi 10 cikin 100 na abin da rola za ta sha da wanda zai zube, ya kama lita 8 da rabi. Silin ɗin ɗakin murabba'in mita 13 ne, shafi biyu zai ci kusan lita 3.

Galan lita 4 ne, babban bokiti lita 20. Bokiti ɗaya mai kyau zai shafe bangon irin wannan ɗaki guda biyu, da ɗan saura. Filasta tsirara da ba a yi wa sikiridin ba tana shan fiye da haka, a lissafa murabba'in mita 6 zuwa 8 a lita a shafin farko.

A nan ne arha ke zama tsada. Fenti mai rauni, wanda alli da ruwa suka fi yawa a cikinsa, in yana rufe mita 6 a lita kuma sai an yi shafi uku kafin ya rufe, ɗaki ɗayan nan zai lashe lita 19, kusan bokiti guda. Ga ƙarin kuɗin aiki, ga shi kuma zai riƙa bin rigar duk wanda ya jingina. Kafin a kwatanta farashin bokiti biyu, a karanta abin da aka rubuta a jikinsu na yawan wurin da lita ke rufewa.

Sayi duk fentin kala ɗaya a lokaci guda, ka duba lambar haɗi da ke jikin bokitin ta zama ɗaya. Ko da sunan kala ɗaya ne, haɗin yau da na wata mai zuwa kan ɗan bambanta, kuma a tsakiyar bango ake ganewa. In bokitai biyu za su shiga ɗaki ɗaya, a juye su a babban mazubi a gauraya tun farko. Haɗa kala da hannu a gida, a ɗiga launi a farin fenti, yana yiwuwa, amma a haɗa wanda zai isa gaba ɗaya, don ba za a sake samun irinsa daidai ba.

Kayan aiki

Rola mai inci 9 da sandarta. Gajeren gashi na bango mai sumul ne da siliki, dogon gashi na filasta mai kaushi. Rola mai arha tana zubar da gashi a bango, kafin a fara a naɗe ta da salatif a ɓare don ya kwashe sako-sakon. A samu faranti na rola, domin tsoma ta kai tsaye a bokiti shi ke kawo zirara. Burushi mai inci 2 na gefe-gefe da bakin silin, mai inci 3 ko 4 na ƙofa da lungu, kuma na fentin mai daban, na ruwa daban. Samfefa lamba 80 ta kankare tsohon fenti, 120 ta daidaita foti, 180 ko 220 ta gogewar ƙarshe da tsakanin shafin fentin mai. Sai wuƙar kankara, foti na cike tsaga, salatif na takarda, leda ko tsofaffin buhuna na rufe tayil, tsani mai ƙafa biyu, da takunkumin hanci.

Firama ita ce abin da aka fi tsallakewa don rage kuɗi. A sabuwar filasta a nemi wadda ke jure kaifin siminti. Ita ke toshe ƙishirwar bango, ta sa fenti mai tsada ya tsaya a sama maimakon ya nutse.

Fentin mai da tina, wato ruwan da aka yi musamman don tsinka shi, ake sirka shi. Kananzir yana jinkirta bushewa yana kashe sheƙi, fetur kuwa haɗari ne tsagwaronsa, tururinsa na kama wuta daga risho ko tartsatsin soket.

Akwai kuma batun dalma. An daɗe ana sa ta a wasu fentin mai, musamman ja da rawaya. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya ita ce kashi 90 cikin miliyan. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinare ta fito, ya san abin da take yi wa ƙananan yara. A nemi gwangwanin da aka rubuta babu dalma, kuma in za a goge tsohon fentin mai, a jiƙa samfefar, a fitar da yara da masu juna biyu daga gidan, a goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

A kasuwa da wurin aiki

A manyan kasuwannin kayan gini irin Ƙofar Ruwa a Kano, Dei-Dei a Abuja ko Katako a Yamai, za a samu mai kyau da jabu a layi ɗaya. Duba murfin ko an taɓa ɓalle shi, duba ranar haɗi, a Najeriya kuma duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki. A sa a buɗe bokiti ɗaya a gabanka. Fenti mai kyau yana da kauri bai ɗaya idan an juya shi. Wanda ke warin ruɓa, ko ya yi gudaji, ko ya daskare a ƙasa ya ƙi haɗuwa, ya lalace. Ka karɓi rasit mai sunan kala da lambarta.

Ya fi kyau mai gida ya sayi fenti da kansa, ya yi jinga da mai fenti a kan aiki kawai, a kuma faɗi shafi nawa tun farko, da wanda zai yi kankara da cike tsaga. Ruwan da za a ƙara a fenti shi ne wanda kamfani ya rubuta a jikin bokiti, galibi bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, sai shafin farko a filasta tsirara da ake ɗan ƙara masa. Bokiti ɗaya da aka mayar biyu da ruwa zai yi kyau ranar biyan kuɗi, bayan wata uku ya koma gari.

Aikin waje ya fi kyau bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, idan bango ya sha iska kuma ƙura ba ta yi ƙarfi ba. Ranar da hazo ya sauko kada a taɓa fentin mai a waje, ƙura za ta manne a jiki kamar yashi. A bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, fenti yana bushewa kafin ya baje, ya bar sawun rola. A bi inuwa: bangon yamma da safe, na gabas da yamma. Masu son gida ya yi kyau da Sallah su fara da mako uku, domin a makon ƙarshe masu fenti ba sa samun kansu, kuma aikin gaggawa shi ke sa a ɗora shafi a kan wanda bai bushe ba.

A ɗaki ana farawa da silin, sai bango, sai ƙofa da taga. A zagaye gefuna da burushi, a bi da rola tun gefen bai bushe ba, kuma in an fara bango a kai shi kusurwa kafin a huta. Tsakanin shafi biyu na fentin ruwa a bar awa 2 zuwa 4, na mai kuwa sai washegari. A cire salatif tun fentin bai gama tauri ba, in ba haka ba zai taho da bakin layin. Ko siliki ne, kada a goge shi da ruwa sai ya yi mako biyu zuwa huɗu.

Abin da ya rage a zuba a ƙaramin gwangwani mai murfi, yadda iska ba za ta samu wuri ba, a rubuta sunan ɗakin da lambar kalar a jiki, a ajiye a inuwa nesa da kicin. Lita ɗaya ta isa gyaran tabon da shigo da kujeru da gado zai bari a bakin ƙofa.